Rajista ta Goma Sha Bakwai

Matakala tara ce zuwa ɗakina,
ƙarƙashin zauren da ɗalibai ke haddar sunayen jijiyoyi.
Su a sama suna feɗe gawa,
ni a ƙasa ina jinyar takarda.

Shekara ashirin da biyu ke nan a Wad Madani
ina riƙe da mabuɗin da ba mai ƙyashinsa.
Da safe nakan fara da gaida maƙiya:
gara, ko ta ja sabon gini a bango,
danshin kogi, ko ya hau ƙafar kanta,
ɓera, ko ya sake karatun dare.
In aka ɗauke wuta, na'urar sanyi ta yi gum,
sai littattafai su kama gumi kamar masu masassara.

Akwai kundin magani, rubutun hannu, ba farko ba ƙarshe,
wani ya ɗiga masa man riɗi a babin ciwon saifa.
Akwai akwatin gilasai, kowanne da ɗigon jini,
masu jinin sun daɗe da zama ƙasa,
jinin yana nan, an rina shi shuɗi, yana jiran ido.

Dakta Awadalla ya sauko sau ɗaya tak,
hankici a hanci.
Ya ce, "Batula, a ɗauki hoton komai, muna bukatar ɗakin."
Na ce to.
Ban gaya masa hoto bai san nauyin shafi ba,
bai san inda alƙalami ya nutse don hannu ya gaji ba.

Ran Laraba na kai kan rajista ta goma sha bakwai,
ta wata ƙaramar shan-magani a gonakin auduga.
Layi-layi: suna, ƙabila, cuta, makoma.
Namiji. Takruri. Kimanin arba'in. Tsargiya.
A gurbin suna, da kyakkyawan Larabcin akawu:
Banjiba.

Na wuce. Shafi huɗu gaba, ga shi kuma,
wannan karon yaro ne, zazzaɓi.
Can gaba mace ce, mai ciki wata bakwai.
Banjiba, Banjiba.
Sai da na furta shi a fili
harshen kakata ta Maiwurno ya farka a bakina.

Ban ji ba.

Akawu ya tambayi suna da Larabci,
mai ciwo ya amsa da abin da ke gare shi.
Aka tsoma alƙalami, aka raɗa masa,
ba rago, ba goro, ba wanzami.

Su goma sha ɗaya na ƙirga kafin azahar.
Sun baro yamma da ƙafa, fuska na gabas,
suka tsaya tsinkar auduga don kuɗin jirgin ruwa,
ruwan rani na gona ya shiga jikinsu da tsutsarsa.
Shida an sallame su. Uku sun gudu da dare.
Biyu, akawu ya ja layi ja, da rula, a miƙe.

Ƙa'idar aikina ita ce kada a gyara asali.
Kuskure ma dukiya ne, ana ajiye shi yadda ya zo.
Don haka ban taɓa shafin ba.
Na ɗauki katin fihirisa da fensir mai laushi,
na rubuta:
Wannan ba suna ba ne, amsa ce.

Mudassir, ɗan aji uku, ya leƙo neman tsohon hoton ƙwayar cuta.
Na zaunar da shi, na nuna masa layin matar.
Ya ce, "Ta haihu?"
Na ce rajista ta goma sha takwas ce za ta sani,
ita kuwa gara ta riga mu karanta rabinta.

Ya naɗe hannun rigarsa.
Na miƙa masa burushi mai taushi,
na ce ya fara daga gefe, kuma kada ya hura da baki.